Dala Talatin da Bakwai

Tun watan Nuwamba tafkin Vermilion ya rufe bakinsa da ƙanƙara,
ni kuma ina gareji, ina kokawa da filaya.
Hannu ɗaya na riƙe da ƙugiya, ɗaya na naɗa zare,
na ukun da aikin ke nema, ba a halicce ni da shi ba.
Ƙugiya ta zame, ta nutse a babban yatsana.
Jini ya ɗiga a kan farin gashin kaza.
Lorna ta leƙo ta ce, "Arvo,
ko ka sayi bayis, ko mu koma cin kifin gwangwani."

Fanshon mahaƙin ƙarfe ba shi da kitse.
Bayan kuɗin gas da maganin hawan jini,
abin da ya kwana a gwangwanin shayi
dala talatin da bakwai ne, da maɓallin riga guda.

A shagon Duane, cikin garin Tower, guda biyu na tarar.
Na farko na sheƙi kamar kayan likitan haƙori,
yana juya ƙugiya ciki da bai ba tare da ya sake ta ba.
Dala ɗari biyu da tamanin.
Da ido kawai na taɓa shi.
Na biyu sha huɗu, fenti ya fi ƙarfe yawa.
Na matse ƙugiya, na danna ta da farce,
ta sunkuyar da kai kamar yaron da ya fasa tulu.
Araha ba ta ado.

Duane ya rage murya:
"Je gidan Norine Halvorsen, bayan coci.
Tana rabuwa da kaya."

Na zaci na marigayi mijinta ne, har na fara ta'aziyya.
Ta yi dariya sai da tari ya sarƙe ta.
"Gordon? Ko igiyar takalmi bai iya ɗaurewa ba.
Shekara arba'in da ɗaya ni ke ɗaura masa,
shi yana karɓar yabo a bakin ruwa."
Hazo ya rufe idanunta yanzu.
Da lalube ta ɗauko shi daga bayan kwalaben zuma:
baƙi, mai nauyi, tsatsa a gindi,
wuyansa ya sha hannu har ya yi santsi.

"Kada ka dubi jiki," ta ce, "dubi baki.
Ɗaga shi wajen taga.
In haske ya ratsa tsakanin muƙamuƙan, ajiye shi."
Na ɗaga. Ko zare bai ratsa ba.
Ta sa ƙaramar ƙugiya, ta ɗaure, ta kaɗa ta da farce.
Tiiin.
"Ka ji? Wanda ya riƙe da gaskiya, ƙugiya na yi masa kuka.
Maƙaryaci shiru yake."

Na ce nawa. Ta ce ashirin da biyar.
Na ce ashirin. Ta miƙa hannu za ta mayar da shi bayan zuma.
Na ƙirga ashirin da biyar.

Sha biyun da suka rage sun tafi ga kawunan dalma,
jan zare, wutsiyar kurege,
sai jan farcen Lorna da na ara ban faɗa ba.
Daren nan na kafa shi a gefen tebur.
Hannuna na rawa kamar kullum,
shi kuwa ko gezau.
Na ɗaure guda tara kafin rediyo ya yi sallama.

Ranar Lahadi na kai mata wanda ya fi kyau.
Ta murza shi tsakanin yatsu, tun daga ido har wutsiya,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Zare ya yi yawa a wuya.
Kifi kake nema, ko rawani kake naɗa masa?
Rage rabin gashin. Ka dawo Laraba."

Na sa hula, na fita.
Ƙanƙara na nan da sauran wata huɗu.